Jirgin da Inna ta cika da ruwa

Ina ajin ƙarshe na kolej shekarar da aka kafa rumfunan baje koli a gefen filin kokowa na Dogon Dutsi. Akwai masu sayar da ƙwallo da takalman gudu, akwai masu raga da ƙugiya. Can ƙarshe, inda ƙarar gangunan ba ta kaiwa sosai, wasu mutum biyu sun ajiye ƙananan jiragen ruwa na roba a kan yashi. Rani ne, ko kaza ba ta samun inda za ta jiƙa ƙafa.

Ɗaya daga cikin jiragen shuɗi ne. Na tsaya a kansa har na manta da kokowar. A raina na riga na zauna a ciki, ina ratsa tafkinmu da safe, fararen balbelu suna tashi a gabana.

Tafkin nan shi ne damuwar Baba. Ƙauyenmu yana kusa da Kiyeshe, kuma duk damina ruwa kan kwanta tsakanin gidanmu da gonarmu, sai an yi doguwar kewaya. Da Baba da Inna suka same ni a wurin, dogon cikin masu jiragen, mai baƙin tabarau, bai daɗe ba ya gane haka. Ya ce ba sai da kuɗi ba, in akwai dabba za su karɓa, motarsu za ta bi ta ƙauye gobe. Sa ɗaya gare mu, shi ke jan garma, shi ke jan amalanke. Na ji Baba ya ambace shi.

Inna kuwa ta matso kusa. Ta durƙusa ta ƙwanƙwasa cikin jirgin da bayan yatsa, ta kara kunne, yadda take yi wa tukunya a kasuwa. Ita ba ta taɓa sayen abin da zai haɗu da ruwa ba sai ta gwada shi, ko ƙwarya ce.

"Ɗan nan, a zuba mishi ruwa mu gani," in ji ta.

Mutumin ya yi dariya. "Hajiya, ai jirgi shi ka shiga ruwa, ba ruwa ka shiga jirgi ba."

"In bai iya riƙe na ciki, ƙaƙa za shi tare na waje?"

"Sabo ne, Hajiya. Sai ki ɓata mini fenti."

"Fentin da ka tsoron ruwa?"

Mutane sun fara taruwa. Wani tsoho mai sayar da igiya ya ce, "Bar ta ta yi mishi wanka, ango ne." Na lura mai tabarau yana ta duban abokinsa, abokin kuwa ya duƙa yana lalube cikin wani buhu. Wannan duban bai kwanta mini ba, duk son da nake wa jirgin.

Baba ya ce a hankali, "Ke, kada ki kunyata baƙi."

"Malam, sa guda gare mu," ta ce, ta ɗaga hannu ta kira mai ga-ruwa.

Aka juye jarka biyu. Ruwan ya kwanta a ƙasan jirgin, sararin sama ya faɗa ciki, na ji kamar in yi kuka don kyau. Sai yashin da ke bayan jirgin ya fara duhu. Ruwa na fita ta wani ƙaramin rami zagayayye, kamar na bakin buta.

Mai tabarau ya ce da gangan aka yi ramin, don zubar da ruwa bayan an fito, kuma yana da matoshi, matoshin ne ya ɓace a hanya. Abokin ya zazzage buhun gaba ɗaya bai samu ba.

"Kun ji, da gangan aka huda shi," in ji tsohon mai igiya. Dariya ta tashi har 'yan kallon kokowa suna waiwaye. Baba ya kakkaɓe rigarsa, ya yi musu sallama.

Bayan shekaru, da na je karatu Yamai, na ga irin jiragen a bakin kogi. Kowanne yana da wannan ramin a baya, da matoshinsa baƙi. Na daɗe a tsaye. Amma na kasa wanke mutumin duka, don da ya samu san, da motarsa ta wuce ta bar mu da jirgi ba matoshi, kuma ba za mu sani ba sai damina.

Da na zo hutu na gaya wa Inna. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"To mi ya hana shi hwaɗi tun ba a zuba ruwa ba?"

San ya yi mana noma har ya tsufa, Baba kuwa har yau kewaya tafkin yake yi.