Saniyar da Ahamuk Ya Shayar

Ahamuk taubashina ne, ɗan kawuna, don haka abin da wani zai faɗa a kansa a yi rigima, ni in na faɗa sai dai a yi dariya. Amma wannan labarin ba na dariya ba ne. Ko yanzu da nake ba da shi kunya nake ji.

A Janet, wani gari can cikin hamada, aka haife mu. Yana yaro babansa ya hau da shi kan dutse kiwon awaki, ya shigar da shi wani kogo ya nuna masa zanen mutanen da: jar saniya mai dogayen ƙaho, da mace durƙushe tana tatsa. Da ya girma sai ya zama ɗan jagora, yana kai baƙi kallon zane, ni kuma ina biye da jakuna da salkunan ruwa da garin gurasa.

'Yan jagora da yawa, amma kasuwar Ahamuk ta fi ta kowa. Da an isa kogon sai ya juya baya ya sassauta amawalin rawanin da ya rufe masa baki, ya cika baki da ruwa ya fesa wa bangon. Nan take jan ya taso kamar yau aka zana, baƙi su hau tafi da ɗaukar hoto.

"Ƙishi take ji," yakan ce. "Wa zai zo wajen saniyarsa hannu rabbana?"

"Kai da ko matarka ba ta samun wannan kula," nakan ce masa.

Akwai Si Buzid, mutumin arewa da aka ɗora wa tsaron duwatsun. Mota ɗaya aka ba shi, ita ma ta fi zama a inuwa don babu mai. Wata rana ya hau da ƙafa ya tarar da mu.

"Baba, don Allah ka bari. Ruwan nan gishirin dutse yake jawowa waje, zanen zai ɓare."

Ahamuk ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ɗana, ruwa ne fa, ba wuta ba! A ƙasar nan ka taɓa jin abin da ruwa ya kashe?"

Muka taya shi dariya, muka ba bawan Allah shayi. Mu da muka tashi da cewa ruwa shi ne rai, ta ina maganarsa za ta shige mu?

Da gwiwa ta gaza, Ahamuk ya daina hawa. Ya zauna gida yana cika kunnen jikarsa Tekna da labarin saniyar, wai babu irinta a duniya, wai ita ce gadonta. Yarinya ta ɗauki magana, kullum sai ta tsare shi.

"Tsoho, ko dai ƙarya kake mini? In ba ka kai ni ba na sake miji."

A bara sai ya ce in ɗaura wa jakuna kaya. Muka hau da ƙyar, yana nishi tana tsokanarsa. Muka shiga kogon, sai ga bango fari fat, yana ɓarewa kamar bayan tsohuwar tukunya. Ya cika baki ya fesa. Ya ƙara. Ba abin da ya taso sai ɗan tsinin ƙaho guda. Shekarun da ba ya nan, yaran da ya koya wa sana'a ba su bar saniyar da ƙishi ba.

Tekna ta shafa bangon, garin gishiri ya biyo yatsunta. Idonta ya cika.

"Wane mugu ne ya goge mini ita? Allah ya isa! Kaka, ka ce amin mana."

Na so in ce iska ce, ko baƙi, ko gwamnatin da ta hana mai. Sai na sunkuya ina gyara igiyar salkar da ba ta kwance ba.

A wurinmu namiji yana jan amawali har ƙarƙashin ido ne a gaban surukinsa ko babban mutum, ba a gaban jikar da ya goya ba. Ahamuk ya ja nasa sama, gemunsa jiƙe da ruwan.

"Amin," ya ce.