Baba Mala, Dattijon da Ke Riga Yara Hawa Lilo

Duk wanda ya saba bi ta bayan layinmu a Fagge idan gari ya fara haske ya san abin da zai gani. Dattijo ne mai furfura, da hula zanna a kansa, ya tattare riga ya cusa tsakanin gwiwoyi, yana zaune a kan lilon yara yana kaiwa yana komowa. Ba ya dariya, ba ya kallon kowa. Kansa a karkace yake, kunnensa na wajen sarƙa. In ya gama da wannan ya sauka ya hau na kusa da shi, har ya zagaye su duka. Baƙo kan tsaya ya riƙe baki. Mu kuwa da tagar ɗakinmu ke kallon filin, ranar da ba mu ji ƙarar sarƙar nan da safe ba sai mu ce ko lafiya.

Wannan shi ne Baba Mala, tsohon mai walda. Kakansa ne ya zo daga Borno ya zauna a nan, shi kuma ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana haɗa ƙarfe a kusa da tashar jirgin ƙasa. Kafin ya hau lilo ya riga ya bi filin da manjagara, ya tsince ƙusa da fasassun kwalabe da ledojin da iska ta kwaso, ya shafa wa kowane mahaɗi giris da ɗan yatsa. Ba wanda ya ɗauke shi wannan aiki, ba kuma wanda ya taɓa biyan sa. Makon jiya ya ajiye shi, shi ya sa na ce ba zan yi shiru ba.

Wanda bai zauna a Fagge ba ba zai gane girman abin ba. A nan ko tafin hannu aka samu na fili, kafin ka ƙifta ido ya zama shago. Harabar makaranta ma an yanka an yi aji, ajin an fasa bayansa an yi rumfa. Yaranmu fa? Su yi ƙwallo a tsakanin adaidaita sahu, su yi langa a bakin kwata, in mota ta taho su manne da bango. Wuraren wasa masu kyau suna can nesa, sai da tikiti, yaron talaka kuwa in ya leƙa su sau ɗaya da Sallah ya gode Allah. Muna haihuwa kamar me, amma ba ma barin inda abin da muka haifa zai yi gudu. Wannan abu yana ci mini rai, ba kuma zan ɓoye ba.

Filin da nake magana a kai an ware shi ne tun zamanin iyayenmu don wata makaranta da ba a taɓa ginawa ba, sai ya koma bola. Da Baba Mala ya bar sana'a, ya je wajen mai unguwa ya nemi izini, ya ɗauki shebur da baro. An yi masa dariya, har wasu suka ce zaman gida ne ya taɓa shi. Ya kwashe sharar, ya zuba yashi, ya dasa darbejiya. Ya bi 'yan gwangwan yana zaɓen bututun ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, ya yi waldarsu suka zama lilo. Oga Cyprian, mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, ya turo masa tsofaffin tayoyi da sarƙoƙi, domin 'ya'yansa ma ba su da wajen wasa sai saman bene. Aka binne tayoyin rabi a ƙasa suka zama shinge. Ranar Alhamis da Juma'a, da babu Islamiyya, yaran Fagge su cika wurin. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, yaran Sabon Gari su tsallako da kayan ado. Ba a daɗe ba suka daina bin ranaku, kowa ya san sunan kowa.

Hawan lilon da yake yi da safe ba da shi aka fara ba. A shekarar farko wata yarinya mai suna Jawahir tana tsakiyar lilo wani mahaɗi ya ɓalle, ta faɗo a kan haɓarta. An yi mata ɗinki, tabon yana nan har gobe. Iyayenta ba su ce masa komai ba sai "ƙaddara ce, Baba." Shi ne bai yafe wa kansa ba. Washegari ya sayo kwaɗuna, ya tsaya a gaban mutane bayan sallar la'asar, ya ce:

"Wallahi tallahi, ba yaron da zai sake hawa ƙarfen da na haɗa sai babba ya riga shi hawa a wannan rana. Ba kuma saurayi ba. Saurayi don nishaɗi zai hau. Uwa ko uba nake so, wanda ɗansa zai hau a bayansa, don shi ne zai kasa kunne."

Tun daga ranar yake kulle lilon da magariba, da safe kuma, da yake ba uwa ko uban da ke zuwa, shi yake buɗewa ya gwada da nauyin jikinsa kafin yara su hau. Tun daga ranar kuma, in ya hango Jawahir a layi sai ya sunkuyar da kai ya amsa gaisuwarta yana kallon ƙasa. Ta girma, ta yi aure a unguwar Kwaciri, bai daina ba.

Kai ne, Baba, ka sayar da girmanka da araha don 'ya'yan wasu. Kai ne matasa suka ɗauka a waya suna yaɗawa suna ƙyaƙyatawa, washegari ka sake tattare riga ka hau. Mala na Fanta, mai kunne a sarƙa! Uwa nawa ce ta ɗora tukunya da kwanciyar hankali don ta san inda ɗanta yake?

Bara aka kusa rasa filin, kuma rantsuwar nan ce ta kusa jawo hakan. Hasken walda ya daɗe yana cin idanun Baba Mala, yanar ido ta rufe su har ya koma gane mutane da murya. Aka yi masa aiki. Likita ya kafa masa doka: ba ƙura, ba sunkuyo, ba jijjiga, sai ido ya warke. Makullan suka koma hannun matarsa Inna Fanta, ita kuwa in ta ce a'a, to a'a ce. Yara suka yi ta sintiri a zaurenta.

"Inna, don Allah ki ba mu makulli."

"Ku je ku zo da babanku ya hau tukuna. Rantsuwar mijina ba za ta karye a hannuna ba."

Ba uban da ya zo. Lilo ya zauna a kulle, yara suka gaji suka koma bakin titi. Fili kuwa in ya yi shiru a Fagge, akwai masu jin shirunsa. Wani mai suna Sabo, da ke nema wa manyan motocin da ke kawo diloli kasuwa wurin kwana, ya fara da mota ɗaya, wai zuwa gobe. Goben ta zama mako. Motoci suka cinye rabin filin, suka tattake tayoyin shinge, baƙin mai ya jiƙa yashin da dattijon nan ya tace da hannunsa. Ina kallo ta taga, raina kamar ya fita.

Aka kai magana gaban mai unguwa. Sabo bai yi rashin kunya ba, gaskiyarsa ma ya faɗa.

"Ranka ya daɗe, ni ban kori yaro ko ɗaya ba. Wuri na tarar a kulle ba kowa. In ba a amfani da shi, mu muna da buƙata."

Mai unguwa ya yanke hukunci. Ya ce ranar Alhamis bayan la'asar zai zo da kansa. In ya tarar da yara a kan lilo, motoci su fita ba dawowa. In ya tarar da kwaɗo, ba shi da bakin hana Sabo.

Ranar Alhamis mutanen unguwa suka fito kwansu da kwarkwata. Yara suka jeru a bakin tayoyi. Inna Fanta ta kafa kujera a gindin darbejiya, makullai a cinyarta. Abu ɗaya ake nema, babba guda ya zauna a kan lilo. Jama'a, ranar na ga abin mamaki! Magidantan da ke iya ɗaga murya a kan siyasa har a ji su a titi, kowa ya zama mai uzuri. Wannan ya ce bayansa ke ciwo. Wancan ya ce surukansa a layin nan suke, ina zai sa fuskarsa? Malam Muhammad Nur, mai makarantar Islamiyyarmu, mutum mai jiki da kwarjini, ya shafa gemu ya ce shi da zai hau, amma ɗalibansa ne cike da wurin. Oga Cyprian ya ce shi dattijo ne a cocinsu, in hoton ya kai can ya shiga uku. Kowa na tura kowa, Sabo na jingine da mota yana murmushi, ga mai unguwa an hango shi ya shawo kwana.

Sai wani babur ya tsaya. Mace ta sauko da dogon hijabi, riƙe da hannun ɗanta. Jawahir ce. Ta durƙusa ta gaida Inna Fanta, ta miƙa hannu.

"Inna, ba ni makullin. Ga ɗana Khalifa, shi zai hau a bayana."

Wata tsohuwa ta ce, "Ke 'yar nan, da aurenki, a gaban maza?"

"Maigidana ne ya kawo ni, Inna, ga shi can a kan babur. Ni na faɗo daga lilon nan, ni na san abin da ake saurare."

Ta buɗe kwaɗo, ta tattare hijabi, ta zauna, ta tura ƙasa da ƙafa. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai sarƙa. Ta je ta dawo, ta je ta dawo, kanta a karkace kamar yadda ta ga ana yi tun tana ƙarama. Ta sauko ta ce, "Wannan lafiya lau." Ta ɗaga Khalifa ta ɗora. Mu mata muka saki guɗa, ni har muryata ta dushe.

Kunya ta juya ta koma kan maza. Malam Muhammad Nur ya cire babbar rigarsa ya miƙa wa na kusa da shi, ya ce, "A'uzu billahi, mace ta riga mu." Ya zauna a lilo na biyu, ƙarfe ya amsa nauyinsa. Ɗalibansa suka kwanta a ƙasa don dariya, shi ma abin ya ci ƙarfinsa ya fashe. Oga Cyprian ya ce in Malam ya hau, shi wane ne? Ya hau na uku, ya je sau biyu ya tsaya cak.

"Wannan kam kada a buɗe shi. Akwai abin da ke kuka a sama."

Aka duba, ashe wata ƙugiya ta cinye saura kaɗan. Aka mayar da kwaɗo a kan wannan, dariya ta ɗan tsaya, kowa ya gane abin da dattijon ke yi kowace safiya ba wasa ba ne.

Mai unguwa ya iso ya tarar da yara a sama suna ihu, wasu na layi har bakin titi. Ya dubi Sabo. Sabo ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Na gani, ranka ya daɗe." Kafin magariba motar ƙarshe ta fita, kuma don a faɗi alherinsa, shi ya aiko da yashi aka rufe baƙin man.

Ana cikin wannan hayaniya aka fito da Baba Mala, da baƙin tabarau, an tsayar da shi nesa da ƙura. Abin da ya fara cewa da ya hango Malam a kan lilo shi ne, "Malam, daina kallon mutane, saurari sarƙa!" Jawahir ta zo ta durƙusa a gabansa. Ya fara sunkuyar da kai yadda ya saba, sai ta ce:

"Baba, an gyara maka ido. Ɗago ka dube ni."

Ya zare tabarau. Ya dubi tabon nan da ya yi shekaru yana gudu, ya dubi ɗanta yana shillo a sama yana ƙyalƙyala dariya. Hawaye suka zubo masa, Inna Fanta na faɗa wai likita ya hana kuka. Ni ma da nake ba ku labari ban tsira ba.

Makon jiya ya miƙa makullai gaba ɗaya, ya ce gwiwa ta gaji. Yanzu iyaye ke karɓa-karɓa, yau wannan gida gobe wancan, daga Fagge har Sabon Gari. Da safe za ka ga ɗan kasuwa da shaddarsa mai sitati yana lilo kafin ya tafi kasuwar Kwari, fuska a murtuke, kunne a sarƙa, ba kuma mai yi masa dariya.

Baba Mala, mun gode. Allah ya saka maka da gidan Aljanna, ya ƙara wa idonka haske, ya yi wa zuriyarka abin da ka yi wa tamu. Ku kuma na sauran unguwanni, ku leƙa bayan layinku. Akwai bolar da za ta iya zama fili, akwai filin da ya yi shiru ana zawarcinsa. Kada ku jira wani ya zo daga sama ya gina muku. Ku ɗauki shebur, ku nemi mai walda, in an gama kuma ku ajiye girman nan a gefe ku riga yaranku hawa.

Yau da safe na leƙa ta taga. Mai gidanmu ne a kan lilo, yana kaiwa yana komowa. Baba Mala na zaune a gindin darbejiyar da ya dasa, hannunsa ba makulli, idonsa a buɗe tar, yana jiran yara su fito.