Masallacin Quanzhou da tocilar Kawu

Ina nuna wa kawuna hotunan Quanzhou a gidansa na Kebbe, sai ya ture wayar.

Sarin kaya ya kai ni China, amma na ware yini guda na zaga tsohon garin nan na bakin teku. Na shiga masallacin dutse mai shekara dubu, rufinsa ya zube amma ayoyi na nan a bango. Wallahi sai da na yi hawaye.

Kawu ya ce, "Kai ɗan nan, har China kat tafi kallon kango? Ga su nan birjik a Jabo! Ina tocilar da nic ce ka sawo min?"

Raina ya ɓaci. Ɗakin Allah ne kango?

Tocilar kuwa a kasuwar Tambuwal na saya masa, ita ma 'yar China ce. Jama'a, na yi laifi?