Tsagar da Ke Fuskar Mahaifinsa

Wata rana, ranar kasuwa, ina zaune a rumfar wani tsohon wanzami a wani ƙauye can bayan Malumfashi. Ƙaho na je a yi mini. Masu dariya ku yi, bayana dai ya daina ciwo.

Sunan wanzamin Baba Tanimu, ya haura saba'in.

Muna cikin haka sai ga wani dattijo ya yi sallama. Shadda ce a jikinsa, amma duk ta yamutse, kana ganinsa ka ga wanda ya sha hanya. Hausarsa ma da ɗan gargada.

Ya ce a Ibadan aka haife shi. Mahaifinsa ya bar gida tun yana saurayi, ya yi fataucin goro har ya rasu, bai taɓa kawo su Arewa ba. In suka tambaye shi garinsu sai ya ce "wajen Malumfashi", ya kama wata maganar.

Yanzu an zo neman auren 'yarsa. Komai ya tafi daidai, sai dangin yaron suka ce kafin a sa rana suna son su san asalin yarinya. Wane gari, wane gida.



Kwanansa shida yana yawo. Ya je wurin dagatai uku da limamai biyu, ko'ina tambayarsa ɗaya: "Kun san Alhaji Sale Mai Goro?"

Ni kam haushi ya kama ni. Mutumin da ya bar gari ba Alhaji ba, ba goro, wa zai san shi da wannan sunan? Sunan da ya samo a Kurmi ake nema a ƙauyen da bai taɓa jin sa ba.

Baba Tanimu ya miƙa hannu, baƙon ya ba shi hoton marigayin da ya zo da shi. Ya kai shi bakin rumfa inda haske yake, ya daɗe yana kallon kuncin.

Ya ce, "Wannan askar babana ce."

Ashe mahaifin wanzamin bahago ne, da hagu yake tsaga, shi ya sa zanensa yake ɗan kwantawa gefe guda. Duk yankin an san hannunsa. Kuma irin wannan tsagar, uku-uku da bille, gida biyu kawai yake yi wa a garin.

Ɗaya gidan dagaci. Ɗaya gidan majema, masu jimar fata.

Ya ce a gidan dagaci ba wanda ya taɓa ɓata. Amma a gidan majema akwai wani Korau da ya bi motar goro bai dawo ba, kuma ƙaninsa Jatau yana nan da ransa.

Na ga fuskar baƙon ta sauya. Kar mu yaudari kanmu, mun san yadda wasu gidajen suke yatsina in aka ce musu yarinya jikar majema ce. Takalmin fata dai suna sawa, amma ba sa son haɗa jini da mai jimar.

Ya rage murya.

"Baba, tunda tsagar iri ɗaya ce, in na ce gidan dagaci ne, wa zai gane?"

"Ba kowa. Sai dai ni in aka tambaye ni ba zan faɗa ba, kai kuma za ka koma yadda ka zo, ba ka da kowa."

Wallahi tausayinsa ya kama ni. Ba mugun mutum ba ne, uba ne da yake tsoron kar auren 'yarsa ya lalace.

 Can baƙon ya miƙe ya ce a raka shi gidan majema.

Na bi su, da shatin ƙaho a bayana. Tun daga nesa warin jima da bagaruwa ya tare mu. A zaure muka tarar da wani tsoho yana kankare gashin fatar akuya.

Tsohon ya ɗago ya dubi baƙon, wuƙar ta faɗi daga hannunsa. Ba a kai ga nuna masa hoto ba ya ce, "Korau ya mutu ko?"

Baƙon ya durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar nan da shaddarsa, suka yi ta kuka. Ni ma fita na yi.

Kafin ya bar garin ya kira kawun yaron a gabanmu. Ya ce ya gano gidansu, su majema ne, kuma in suna son 'yarsa, nan za su zo nema wurin Baffa Jatau, don shi ne babba.

Na karɓi lambarsa. Bayan wata uku na kira shi.

Ba su zo ba. Sun aiko an karɓi kayansu.

Ya ce yarinyar ta yi sati shida ba ta yi masa magana ba, kuma bai ga laifinta ba. Sai ranar nan da safe ta shigo ta gaishe shi, ta ce, "Baba, yaushe za ka kai ni in ga kakana?"

Lokacin da muke wayar suna tasha, su biyu.

Darasi: In za ka binciki asalinka, ka shirya karɓar abin da ka tarar, ko da zai ja maka asara. Masu raina sana'ar kakannin wani kuma su ji tsoron Allah. Sannan in akwai tsoho a gidanku, ka zauna ka tambaye shi tun yana iya ba ka amsa.

Ka tura wa ɗan'uwanka da bai san sunan kakan babansa ba.