Kujerun Layin Sama

Duk wanda ya san Celestina a unguwar Ardwick ta Manchester, da tsawonta ya fara saninta. Doguwa ce sambal, ga faɗin kafaɗa, ga tafin hannu kamar faranti, ita ake kira a coci in za a rataya ado a sama don babu mai son ɗauko tsani. Tsawon nan wajen mahaifinta ta gado, Malam Ɗantani, wanda ya shekara talatin da biyu yana koyar da wasannin motsa jiki a wata sakandare a Wusasa, gefen Zariya. Babu mai kiransa da sunansa a garin, Koci ne kawai. Shi ya sa maƙeri ya lanƙwasa rodi, ya kafa a jikin turke, ya share fili da hannunsa, ya koya wa 'ya'yan mutane ƙwallon kwando da ƙwallo guda ɗaya tak mai faci bakwai. Tana shekara tara ya ɗora mata ƙwallon a hannu. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "Uwata", ko da tsawa yake daka mata a tsakiyar fili.

Ta biyo mijinta Tomas zuwa Manchester a 2004, kuma ta shigo da ƙafar dama. Ta samu aiki a wata cibiyar wasanni ta unguwa, tana zama a teburin shiga ranakun aiki, ranar Asabar tana koya wa 'yan mata jefa ƙwallo. Ta aika gida da hotonta, usur rataye a wuya, Koci ya sa aka yi masa gilashi ya kafe a falo. Sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo. A 2011 aka garƙame cibiyar da kwaɗo, aka toshe tagogin da katako, ma'aikata kowa ya kama gabansa. Celestina ta ƙare a gidan kula da tsofaffi a Withington, tana ɗaga mutane daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki, tana yi musu wanka, tana share abin da ba a faɗa. Ba ta raina aikin ba, amma ba ta gaya wa gida ba.

To, mutanenmu suna da wani hali da suke kira tausayi. Na waje ba ya gaya wa na gida wahalarsa, na gida ba ya gaya wa na waje ciwonsa, kowa yana lallaɓa ɗan uwansa kamar ƙwai. Duk Lahadi bayan an taso daga coci Celestina takan kira Wusasa, a yi ta jera lafiya lau ana mayarwa, lafiya lau aiki, lafiya lau jiki, har katin ya ƙare. Mutum zai iya mutuwa a tsakanin lafiya lau biyu, kuma an sha yi.

Buri ɗaya ta sani a ran mahaifinta. Duk shekarun nan da ya yi yana koyar da wasan, bai taɓa zama ya ga ƙwararru suna buga shi a kan katako mai sheƙi ba, sai a talabijin, shi ma in an kawo wuta. Da takardar biza ta fito wa shi da Mama Monica cewa za su zo Kirsimetin 2013 su yi wata guda, abin da ta fara yi ke nan. Akwai wasan ƙarshe na kofin ƙwararrun ƙwallon kwando a Birmingham cikin Janairu. Lokacin hutun cin abinci ta zauna a ɗakin ma'aikata, ta buɗe taswirar kujerun a wayarta. Na ƙasa, kusa da 'yan wasa, ba na irinta ba ne, ko kallonsu ba ta yi sau biyu ba. Ta hau can sama, layi na biyu daga ƙarshe, ta zaɓi huɗu a jere: Baba, Mama, ita, da 'yarta Justina mai shekara goma sha uku. Ko kusa maganar hawa ba ta zo mata a rai ba. Mutumin da ta sani yana zagaya filin makaranta da gudu kowace safiya yana da shekara saba'in, wace matakala za ta gagare shi?

Gaskiya ne tun watan Agusta muryarsa ta yi nauyi a waya, kuma ba ya daɗewa. Ta tambaya, Mama ta ce ɗan zazzaɓi ne, kuma layin ne ba kyau.

A filin jirgi ta tsaya tana leƙa kawunan mutane, tana neman kan da ya fi na kowa tsawo. Sai ga Mama ta fito tana jan akwati, a gefenta wani ma'aikaci yana turo keken guragu. Celestina ta kalli tsohon da ke ciki, bakinsa ya ɗan karkace, hannun hagu a kwance bisa cinya kamar ba nasa ba, ta ɗauke kai ta ci gaba da neman mahaifinta. Sai da ya ce, "Uwata," sannan ta gane shi.

A mota ta kasa haƙuri. "Mama, stroke ne fa wannan, shanyewar ɓarin jiki. Wata huɗu! Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Don kar mu ɗaga miki hankali, ga aiki ga yara," in ji Mama tana kallon taga. "Kuma da kin ji, cewa za ki yi a fasa tafiyar. Shi kuwa tun da kika ce masa kin sayi tikitin nan, da shi yake kwana da shi yake tashi."

Washegari ta kira ofishin tikiti. Ta yi minti arba'in tana jin kiɗa kafin wata ta ɗauka, cikin ladabi ta ce wuraren masu keke kaɗan ne kuma an kama su tun tuni, in ma wani ya fasa, sai an nuna takardar shaidar nakasa. Ina baƙo mai bizar wata guda zai samo wannan takarda? Ta gaya wa Baba yadda aka yi, ta ce ko a haƙura a kalla a gida. Ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ni ba gurgu ba ne. Matakala nawa ce?"

"Ban sani ba, Baba."

"To ko ɗari ce zan hau."

Ya mai da matakalar benen gidansu filin horo. Kullum da hantsi ya fita, sanda a dama, Tomas riƙe da shi ta hagu, yana ƙirgawa da Turanci irin na malaman da. Ranar farko huɗu, bayan sati biyu goma sha ɗaya. Tomas kaɗai yake yarda ya taɓa shi. In Celestina ta miƙo hannu sai ya janye kafaɗa, ita da take ɗaga tsofaffi takwas kafin azahar. Abin yana ci mata rai, amma ta san ba ƙi ba ne, kunya ce. Justina kuwa ya mai da ita abokiyar wasa, yana ce mata amaryarsa, wai in sun je zai nuna mata wanda ya iya da wanda tsawo kawai Allah Ya ba shi.

Ranar wasan da sassafe aka kira Tomas daga ɗakin ajiyar kayan da yake aiki. Irin aikin nan ne da ba a yi maka alkawarin awa ko ɗaya ba, in ka ce a'a sau ɗaya sai wayarka ta yi shiru har wata. Dama shi zai raka su har ƙofa ya taimaka da hawan. Ya tsaya da wayar a hannu yana kallon matarsa, ta ce, "Je ka kawai, I'll manage."

Suka hau doguwar bas, awa biyu da rabi cikin ruwan sama, Baba sanye da tsohuwar rigar horonsa a ƙarƙashin kwat. A filin wasan lif ya kai su hawa na sama, har Celestina ta fara ajiyar zuciya. Da suka shiga ƙofar ɓangarensu sai ta ga abin da taswirar waya ba ta nuna ba. Matakala ce siririya a tsaye ƙyam, babu abin riƙewa na kirki. Ta ƙirga da ido har layinsu, talatin da huɗu.

Ya hau shida. A ta bakwai ƙafar hagu ta ƙi tashi. Ya yi yunƙuri, ya sake yi, gumi ya keto masa a cikin wannan sanyi, mutane sun yi layi a bayansa riƙe da kofuna suna cewa ba komai, ya bi a hankali, wanda ya fi zagi zafi. Da ƙyar aka dawo da shi ƙasa. Wani ma'aikacin filin mai riga ruwan ɗorawa ya kawo kujerar roba ya ajiye masa a baranda, kusa da mai sayar da soyayyen dankali.

"Ku hau," Baba ya ce wa Mama. "Kai yarinyar nan ta gani."

"Grandad, I'm not going without you," in ji Justina, idonta ya ciko.

"Amaryata, wuce. Ki zo ki ba ni labari."

Suka hau. Celestina ta tsuguna a gefensa. Ta bango suna jin komai, dukan ƙwallo a katako, kukan takalma, usur, sai ihun dubban mutane ya tashi ya faɗi. Ya karkata kai yana saurare. A haka aka tafi hutun rabin lokaci.

"Baba, bari in goya ka."

"Ke! A gaban jama'a? A ce Koci ne 'yarsa ta goya?"

"Wa ya san Koci a nan?" Maganar ta fita kafin ta tare ta. Ta ga yadda ta same shi, amma ta riga ta fara. "Baba, an rufe sports centre ɗin nan shekara biyu da rabi ke nan. A care home nake. Kullum sai na ɗaga tsofaffin da ko sunana ba su sani ba, wani ya tofa mini yawu, wata ta kira ni ɓarauniya, in share su in sa musu kaya. Iyayen wasu nake ɗauka, a biya ni. Kai kaɗai ne ba ka yarda in taɓa ba."

Aka dawo wasa, aka gama zango na uku, aka shiga na ƙarshe. Sannan ya jingina sandar a bango, murya can ƙasa ya ce, "Juya bayanki."

Ta cire mayafinta ta ɗaure shi da shi ta ƙasan cinya. Ma'aikacin ya taso da sauri. "Madam, you can't, it's not safe." Ta dube shi ido cikin ido. Sai ya wuce gaba yana buɗe mata hanya.

A wurin aiki an hana su ɗaga mutum da hannu, akwai na'ura, kuma sai mutum biyu. Ta san dalili. Tsohon ya rame, amma ƙashin dogon mutum ba ya ramewa, ƙafafunsa suna bugun matakala a bayanta, hannunsa mai lafiya ya shaƙe mata wuya. A ta ashirin da 'yan kai ta ji wani abu ya tsinke a ƙugunta, zafi ya sauka har diddige. Ba ta tsaya ba, don in ta tsaya su biyun za su gangara. Wasu suka fara tafi, ta ji kamar ta zage su. Ta sauke shi a kujerarsa, ta zube a tata, saura minti shida a allo.

Justina ta rungume shi tana tsalle. "Look, Grandad! Number nine, he's massive!"

Baba ya miƙa wuya gaba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya juya kai dama, ya juya hagu, ba ya bin inda ƙwallon take. Celestina ta lura, ta dubi Mama. Mama ta sunkuyar da kai tana murza zoben hannunta.

"Uwata," ya ce, "fitilu kawai nake gani."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin Ista. Suga ce. In abu na kusa ina ganinsa. Na zaci in na zo zan gani."

Ta so ta yi ihu, ta so ta tambaye su wane irin tausayi ne wannan, amma ita ma da nata a ciki, da wane baki? Ta matso da bakinta kusa da kunnensa, ta fara gaya masa. Masu jar riga ne da ƙwallo, dogon ya tsaya a ƙarƙashin kwando, an ba shi, an tare shi, ya mayar waje, an jefa daga nesa, ba ta shiga ba. Yana gyaɗa kai, sau ɗaya har ya ce ai da gajeren ya ba wa. Hawaye yana zuba mata, muryarta ba ta yi rawa ba, haka ta yi ta yi har aka busa tashi.

Mutane suka miƙe suna sauka, layi bayan layi, har ɓangaren ya zama su huɗu sai masu shara. Celestina ta dafa kujerar gaba za ta tashi, bayanta ya ƙi. Ta sake gwadawa, ta koma ta zauna. Ta kalli matakalar nan har ƙasa, ta tuna bas ɗin ƙarfe shida, ta tuna tana da aiki gobe da bakwai.

Baba ya lalubo hannunta ya riƙe. "Su wa suka ci?"

Ta ɗaga kai ta duba allon, ta karanta masa.