Tuni Uku Daga Wayar Dogo

Shekara ashirin da bakwai matar Dogo ta yi tana ɗinkin labule, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa ganin labulenta rataye a tagar da aka ɗinka shi dominta ba. Aikinta a ƙuryar shago yake, inda kekuna biyu suke fuskantar bango, ga dogon teburin yanka, ga kwalayen zobban rataya jibge a ƙarƙashinsa. Fita, awo, ciniki da ba mutane haƙuri, duk na mijinta ne. Dogo ake ce masa, kuma ba a yi masa ƙarya ba, don tagar da wani sai ya taka kujera, shi daga tsaye yake auna ta. Ita kuwa gajeriya ce, ba ta son surutu, zaman keke ya ɗan ranƙwafar da bayanta. Duk layin ba wanda ya san ta da wani suna sai matar Dogo, ita ma ba ta taɓa neman wani ba.

Wata ranar Talata da hantsi almakashi ya faɗi, Dogo ya sunkuya zai ɗauka, bai ɗago ba. Haka kawai, ba ciwo, ba jinya, ba sallama. Jama'a suka cika gida suna kuka, ita tana zaune tana amsa gaisuwa kamar wadda aka ɗauka aikin amsa gaisuwa. Ƙanwarta har zungurinta take yi wai ta saki ranta ta yi kuka, ina. Ta ci abinci, ta yi barci, ta yi wanka, duk abin da aka ce ta yi ta yi, sai dai ba ta jin ɗanɗanon komai.

Bayan wata biyar ta buɗe shagon. Ba aikin kirki, sai maƙwabta masu kawo rage tsawon zanen gado don dai su taya ta zama. A cikin haka babban ɗansu, wanda ke aikin banki a wani gari, ya zo ya tsaya tsakiyar shagon, ya shafa teburin yanka ya duba yatsansa.

"Umma, nan da wata biyu hayar wurin nan za ta ƙare. Ni a ganina kada a sabunta. Na gyara miki ɗaki a gidana, ga jikokinki suna ta tambayarki."

"Na ji."

"Kin ji kin yarda, ko kin ji kawai?"

"Na ji dai."

Ya yi ajiyar zuciya. "Shi ke nan. In babban aiki ya shigo kafin lokacin, zan sabunta da hannuna. In bai shigo ba, zan turo mota."

Ba mugun ɗa ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Amma ita ta san ɗakin da yake nufi: gado, fanka, talabijin, da zaman jiran a kira ka cin abinci. Ba ta son barin shagon. A cikin watannin nan duka, wannan ne abu ɗaya da ta tabbatar game da kanta, kuma shi ma ba zafinsa take ji ba, sani kawai ta yi, kamar yadda mutum ya san lambar takalminsa.

A bayan ƙofar shagon akwai takardar da Dogo ya manna da hannunsa. Wurare shida ne da ya zaga a watansa na ƙarshe, ya gabatar da kansa, ya bar musu samfurin ɗinki: asibitoci biyu, makaranta, ofishin lauya, zauren taro, da wani sabon otal da ba a gama gininsa ba a lokacin. Gaban kowanne ya rubuta lambar waya, ya ƙara da kalma biyu, a tuna.

Shi kuwa tuni, a wurin Dogo ilimi ne mai zaman kansa. Duk wanda ya zauna a bencin shagon sai ya sha karatunsa, ita ma ta sha shi ta cikin ƙarar keke har ta haddace. Sau uku ake yi, ba a yin na huɗu. Mako biyu ake bari tsakani. Ba a yi da safiyar Litinin, lokacin kowa a murtuke yake. Ba a cewa "na ji shiru", don wannan zargi ne. Ba a zuwa hannu rabbana, dole saƙo ya ɗauko wani abu, ko hoton sabon yadi ko wata shawara. A ƙarshe kuma sai ka bar wa mutum hanyar fita, ka ce in ba yanzu ba ne ba komai, don kada ya riƙa ɓuya in ya hango ka.

Ta ciro wayarsa daga aljihun tebur ta sa a caji. Da ta kama, ta shiga tsofaffin saƙonninsa, ta sami wani tuni da ya taɓa yi wa wani, ta kwafe shi harafi da harafi da yatsa ɗaya, har ƙarshensa: Naka, Dogo mai labule.

Wallahi ba da niyyar yaudara ta yi ba. Ta daɗe tana kallon layin nan na ƙarshe. In za ta canja shi, sai ta yi bayani, in kuwa za ta yi bayani, sai ta rubuta cewa ya rasu. Wannan maganar kuwa ba ta taɓa fita daga bakinta ba, balle daga yatsanta. Kullum wasu ke faɗa mata, ita nata gyaɗa kai ne. Sai ta bar layin yadda yake, ta tura wa mutum shida.

Ofishin lauya suka ce sun riga sun yi nasu. Lambar makaranta ba ta shiga. Mai zauren taro ya ce ya sayar da wurin. Asibitocin nan biyu kuwa suka karanta suka yi gum. Kai, masu karanta saƙo su yi gum, Allah dai ya shirye su, kalmar a'a nawa take? Manajan otal ne kaɗai ya rubuto: Na gani.

Bayan mako biyu cif ta tura na biyu, da hoton wani yadi mai ruwan ƙasa. Manaja ya ce madalla, bai ƙara komai ba. Ta ajiye wayar ta ci gaba da rage zanen gadon maƙwabta. Ba ta sa rai ba, ba ta kuma fid da rai ba, kwanaki kawai take ƙirgawa.

A na ukun ne ta rasa abin kwafa, don babu sabon yadi, babu kuma wata shawara a cikin tsofaffin saƙonnin da ta dace da otal. Sai ta tuna Dogo ya taɓa cewa rabin ɗakunan wurin yamma suke kallo. Ta rubuta daga kanta cewa tagar da ke kallon yamma sai an yi wa labulenta shafi a baya, in ba haka ba rana za ta cinye launin kafin shekara, a dawo ana zargin maɗinki. Ta ƙara da in ba yanzu ba ne ba komai, ta rufe da sunan da ta saba.

Ko awa ɗaya ba a yi ba amsa ta shigo. Dogo, wannan maganar shafin ta kama hankalina, duk waɗanda suka zo ba wanda ya faɗa min. Ka zo Alhamis ƙarfe goma ka auna, ɗaki talatin da biyu ne. Yaya gwiwar taka, ta sake ka?

Ta karanta ya fi sau goma. Gaskiya ne, yana fama da gwiwa a watannin ƙarshe, ita ke shafa masa magani. Ashe a duk faɗin duniya akwai sauran mutum ɗaya da a wurinsa Dogo yana nan, gwiwa ce kawai ke damunsa. Nan ne ya kamata ta kira ta faɗi gaskiya, kowa ya san haka, ita ma ta sani. Amma sai ta rubuta: Da sauƙi, na gode. Ta tura, ta rufe shago, ta tafi gida da wayar a hannu maimakon ta mayar da ita aljihun tebur.

Ranar Alhamis ta ɗauki tef ɗin awonsa, da littafi, da samfura a jaka, ta hau mota. Otal ɗin warin fenti yake yi, kujerun falon duk da ledarsu, tagogi tsirara jere har sama. Manajan mutum ne mai ƙiba, ya fara furfura, tarin mukullai a hannu ɗaya, waya a ɗayan.

"Sannu, Mama. Wa kike nema?"

"Daga shagon Dogo nake."

"Yauwa. Yana tafe ke nan? Ko gwiwar ce ta hana shi hawa bene?" Ya yi dariya yana leƙa bayanta.

Ta buɗe baki, maganar ta fito da sauƙin da ya ba ta mamaki. "Ya rasu."

Dariyar ta ɗauke. Ya yi salati a hankali, ya ajiye mukullan a kan teburin karɓar baƙi. "Yaushe? Shekaranjiya fa muka yi magana."

"Wata bakwai ke nan."

Ya dube ta, ya dubi wayarsa, ya ja saƙonnin sama da yatsa, ya sake dubanta.

"To da wa nake magana duk kwanakin nan?"

"Da ni. Matarsa ce."

"Har maganar gwiwa?"

"Ni ce."

Ransa ya ɓaci, kuma bai ɓoye ba. "Mama, gaskiya ba ki kyauta ba. Kin bar ni ina raha da mamaci. Da kin faɗa min tun farko, ai ni mai zuwa gaisuwa ne, mutumin nan ya shiga raina."

"Gaskiyarka. Ban kyauta ba."

Ba ta roƙe shi ba, ba ta kawo hanzari ba. Ta gyara jakarta a kafaɗa ta juya, tana tunanin ko motar ɗanta za ta ɗauki keke ɗaya. Har ta kai ƙofar gilashi ta ji muryarsa.

"Tsaya. Maganar shafin nan, tasa ce kika kwafo ko taki?"

"Tawa ce. Shi awo yake yi, ni ke ɗinki. Samfurin da ya bar maka ma ni na ɗinka shi."

Ya zagaya ta baya, ya buɗe aljihun teburin, ya ciro ƙyallen. Ya juya bayansa, ya bi kalmasar da babban yatsa tun daga wannan gefe har wancan, ya ja da ƙarfi, ba ta motsa ba. Ya daɗe a haka.

"Ki fara da hawa na sama, ɗaki takwas. In sun yi, sauran ma naki ne."

Sai da ta taka bokitin fenti kafin ta kai saman taga. Ta auna kowace sau biyu, ta sauko ta rubuta, ta sake hawa. Wajen azahar ta gama, ta sauko falo ta same shi, suka daidaita a kan ranar kawowa.

"Sai ki ba ni lambarki," ya ce. "Waccan zan goge, kada wata rana in manta in kira."

Ta karanto masa lambar ɗaya bayan ɗaya, ya adana. Sannan ya nemo ɗayar. Tana tsaye kusa da shi, tana ganin fuskar wayar sarai, ga sunan nan, Dogo labule. Wayar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya danna, ya zura ta aljihu, ya ɗauki mukullansa.

"Allah ya jiƙansa, Mama. Sai na ji ki."

Ta fito titi, rana ta take. Ta tsaya inda ake jiran mota, ta kira ɗanta da tata wayar, ta gaya masa aiki ya shigo, kada ya turo mota. Ya yi murna ƙwarai, yana ta tambayar ɗaki nawa ne, wane yadi, yaushe za a kai. Ta bar shi ya gama.

"Babanku ya rasu," ta ce.

Tana jin ƙarar ofishinsu ta cikin wayar.

"Eh, Umma. Na sani."

"Ni yau na sani."

Mota ta zo ta tsaya a gabanta, mutane suka shiga, direba ya yi mata hon sau biyu. Ta zauna a bakin kwalbati da jakar samfuran a cinya, motar ta tafi ta bar ta.