Dakta Tiyamike Chisale da Gishirin Tafkunan Mpatsa

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Tiyamike Chisale a shekarar 1958 a ƙauyen Mpatsa da ke gefen birnin Zomba. Mahaifinta Fakisoni Chisale manomi ne, mahaifiyarta Esinala kuwa ita ke ciyar da kifin karfasa a tafkuna uku da mutanen ƙauyen suka haƙa tare.

A daminar 1971 kifayen suka fara mutuwa, cikinsu a kumbure. Bisa al'ada, mace mai haila ba ta zuba gishiri a abinci, domin an yi imani mai cin abincin zai kumbura. Nan take dattawa suka yanke hukunci cewa Esinala ta taɓa gishiri cikin rashin tsarki, sannan ta kwaɓa wa kifin dusa. Dagaci ya ce mata a bainar jama'a, “Esinala, hannunki ne ya yi wannan ta'asa. Kada mu sake ganinki a bakin ruwa.” Aka kuma haramta kusantar tafkunan da gishiri. Tiyamike tana tsaye a wurin, shekarunta goma sha uku, kuma abin bai taɓa barin zuciyarta ba.

Karatu da bincike

Ta kammala sakandare a 1977, ta karanci ilimin halittun ruwa a jami'a, ta samu digirin digirgir a 1990. Abokan aikinta suna yi mata laƙabi da Uwar Hanji, saboda abin da kowa ke yankewa ya yar shi ta zaɓa ta bincika. Ta shafe shekaru tana nazarin yadda ƙwayoyin cuta ke cinye fatar cikin hanjin karfasa, har hanjin ya kasa tsotse gishiri daga abinci, wanda ke jikin kifin ya tsiyaye, ruwa ya taru a cikinsa. Sakamakon da ta wallafa a 1996 ya nuna cewa ɗan gishiri a cikin dusa, tare da tsabtace ruwa, yana rage mace-macen ƙwarai. Wato abin da Mpatsa ta haramta shi ne abin da kifinta ya rasa.

Aure da iyali

Ta auri Lakisoni Mbewe, malamin makaranta, a 1985, Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu.

Komawa Mpatsa

Da cutar ta sake ɓulla a 1998, Tiyamike ta je ƙauyen da buhun gishiri, amma ta ƙi buɗe shi sai an kira mahaifiyarta. Sabon dagaci, ɗan wancan da ya kore ta daga bakin ruwa, ya yi kwana biyu yana jan ƙafa, kifi na ta mutuwa, kafin ya je kiranta da kansa. Tsohuwar ta dube shi ta ce, “Ɗana, shekara ashirin da bakwai fa. Ka tabbata hannun nan ya wanku?” Ita ta kwaɓa dusa da gishirin ta watsa, fiye da rabin kifin ya tsira. Esinala ta rasu bayan wata biyar.

Rasuwa

Dakta Tiyamike ta rasu ranar 9 ga Yuni, 2021, bayan gajeriyar jinya. Bisa wasiyyarta, an binne ta a Mpatsa kusa da mahaifiyarta, inda ake hangen tafkunan. Ɗaya daga cikin 'ya'yanta ya riga ta rasuwa, ta bar mijinta da 'ya'ya uku a raye: Mayeso, Dalitso da autarta Esinala, mai sunan kakarta, wadda ke ciyar da kifin Mpatsa a yau.